Takardar rubutun hannu a wani shago cikin Kurmi

Masu rubuta Alkur'ani da hannu da masu zayyanar allo da ke yawan tambaya ina ake samun takarda mai kyau a Kano, akwai wani ɗan shago cikin kasuwar Kurmi wajen masu littattafai, ba shi da ko allon suna, wani dattijo ne a ciki shi da yaronsa. Takarda yake sayarwa da tawada da alƙaluman kara da gafaka.

Takardar dai gaskiya ba laifi. Launin madara gare ta ba fara fat ba, kuma ta fi A4 ɗin nan mai giram 80 da ake fotokofi da ita kauri nesa ba kusa ba. Na gwada ta da tawadar gawayi da ƙaro, bata bazu ba bata ɓullo ta baya ba, jan wasali ma ya zauna daram. Alƙalami yana ɗan kama ta kaɗan baya santsi, ni haka nafi so.

Inda muka saɓa da Baba shine da yace wai irin wadda ake kawowa daga Tarabulus ce a zamanin da. Nace haba Baba, ai waccan daban. Waccan a Italiya ake yinta, ɓangaren Venice, da tsummokaran tufafi ake daka ta ba itace ba, sannan in ka ɗaga ta a rana zaka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta, Larabawa ne ke ɗauko ta a raƙuma su keto sahara har cikin wannan kasuwar, Barth ma, wani Bature matafiyi ɗan Jamus, da yazo Kano a 1851 ya ambaci takardar nan mai wata uku cikin kayan da ake shigowa da su. Na ɗaga tasa babu wata ko ɗaya, sai yayi dariya yace "to malam ai ka fini sani". Ba abin raini bane wannan bambancin, don takardar itace ta zamani sau da yawa tana da wani sinadari mai tsami da ke sa ta ja ta fara karyewa, shi yasa zaka ga littafin kakanka na hannu lafiya lau amma jaridar shekara talatin ta zama kamar ganyen bishiya a rani.

Abin mamaki ma doguwar hanyar da abar nan ta biyo. A ƙasar Sin aka fara ta, wani ma'aikacin fadar sarkinsu mai suna Cai Lun ake jingina wa a shekarar 105 miladiyya, ta shigo Samarkand, ta zo Bagadaza zamanin Haruna Rashid, daga nan Andalus sannan Turai. Wato Musulmi ne suka kai musu sana'ar, daga baya muka koma saye a hannunsu.

Kuɗin ya ɗan yi sama, amma yana ragi in zaka ɗauki rim. Yankan ne matsala, yaron da reza yake yi da hannu, wasu warƙoƙin sun fi wasu tsawo sai ka sake daidaitawa kafin su shiga gafaka. Jar tawadarsa kuma ruwa yayi mata yawa, gara ka haɗa taka. Baya karɓar taransifa, ku tafi da kuɗi a hannu, kuma ana kiran azahar yake ja ƙofa sai an idar.