Sashen gashi na yara: malamar ta burge ni, tsarinsu kuwa sai haƙuri

Masu ta kirana a salula kuna tambaya ko wurin kine ɗin da nake kai yarona, wato sashen gashi inda ake motsa ma yara gaɓoɓi, yana da amfani, to ga amsa nan gaba ɗaya. Yaron ya sha wuya wajen haihuwa, bai yi kuka ba sai da anka daɗe, ga shawara ta biyo baya. Har wata 10 wuyanshi bai tsaya ba, zama kuwa ba a magana. An ce ɗan ruwa ne, an ce iska ce, rubutu da hayaƙi babu irin wanda dangi ba su kawo mana ba daga Tibiri har Madarumfa. Lokotoron yara ne ya ce mana wajen wata 4 ya kamata yaro ya riƙe kai, in ya wuce wata 9 bai zauna ba to a bincika, ya rubuta mana takarda zuwa sashen gashi.

Ni na zata inji za su sa mashi ko fitilar nan mai zafi. Sai malamar ta zauna ƙasa bisa tabarma ta ce, "Maman yaro, kin zo da kununshi? Ba shi in gani." Na kwantar da shi a cinya yadda muke ɗura a gida, nan take ya shaƙe, tari ya sarƙe shi, ido ya yi jawur. Ba ta yi mani faɗa ba wallahi. Karɓar shi ta yi ta zaunar a jikinta, ta naɗe zanen goyona ta tokare mashi ƙeya har haɓar ta ɗan sunkuyo, ta ce kunun ya cika ruwa a ƙara mashi kauri, sannan ta ɗauko ɗan ƙaramin cokali tana ɗorawa bisa harshe tana jira sai ya haɗiye kafin ta ƙara. Yaron da kullum cin abincinshi yaƙi ne sai ga shi ya sha rabin kofi ko tari bai yi ba. Ta ce in kai ya karye baya kunu huhu yake sauka, shi ke kawo limoniyar da muke ta jinya. Ban san sanda hawaye sunka zubo mani ba, gaban mutane.

Kuma ba ta yaudare ni ba. Ta ce raunin da ƙwaƙwalwa ta samu ba ya gogewa, ba ya kuma ƙaruwa, amma shekaru 3 na farko ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin koyo, in an bar shi kwance gaɓoɓi su ƙage. Aikin ma mafi yawa a gida yake: in kifa shi bisa naɗaɗɗen bargo ya riƙa ɗaga kai, in goya shi ƙafafu a buɗe, in zaunar da shi a kusurwar kwali da matashi. Yanzu Alhamdulillahi yana riƙe wuya, yana bin yayyenshi da ido. Allah ya saka mata da aljanna.

Amma fa sauran wurin ya ƙona mani rai. A ba ka randebu ƙarfe 8, ka ɗauko kabu-kabu daga unguwar Zariya ta nan Maradi da yaron da jikinshi ke sandarewa, ka zauna a rumfa har azahar don malamar ita kaɗai ce ga yara cike da benci. Da ta je Yamai wani horo babu wanda ya kira mu, alhali lambata tana rubuce a karne, wato katin asibiti, sai da munka iso munka tarar da ƙofa a kulle. Tun 2006 ake cewa jinyar yara ƙasa da shekara 5 kyauta ce, mu dai jika-jika suna fita, ban da kujerar yaron da anka ce mu sa kafinta ya yi. Mai koyar da magana babu, gwajin kunne babu, wai sai Yamai, tafiyar kilomita sama da 600, wa ke da wannan halin?

Wanda ya fi tsaya mani shi ne mai karɓar karne. Ina jinta da kunnena tana ce ma wata irin waɗannan yaran ɓarnar kuɗi ce kawai. Haba baiwar Allah! Uwa ta sha baƙar magana a unguwa, ta sha a gidan miji, ta zo nan ma ta sha? Wata 'yar ƙauyen Ɗan Isa da muke layi tare tun ranar ban sake ganinta ba, ɗiyarta kuwa ta fara juyi da kanta.

Ku kai yaranku da wuri, ku riƙo abin da suke ci, ku sammako. Ni yanzu sai na tambaya ko malamar tana nan kafin in fito daga gida, in ba ta nan ba ni zuwa.