Katakon saita bakin wuƙa da na saya a Dilimi

Masu tambayata game da katakon nan na gogar bakin wuƙa da wani mai walda ke haɗawa a wajen Dilimi a garin Jos, to ga abin da na gani da idona. Kuɗinsa kun sani, layin da ake sayar da shi ma kun sani, ba sai na faɗa ba.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, falankin katako ne, a ƙarshensa an kafa dogon bol mai zobe a ka. Rodi ya ratsa ta cikin zoben, a jikin rodin ake ɗaure magagari. Wuƙa tana kwance a ɗaya ƙarshen, an danne ta da guntun ƙarfe. In ka ɗaga zoben, magagari ya miƙe, bakin kaɗai zai ci. In ka sauke shi, magagari ya kwanta, gangaren, wato gefen da ake gogewa ya sirance zuwa baki, ya yi ta hawa zuwa bayan wuƙar. A gefen bol ɗin akwai wani siririn ƙarfe da aka zana wa lambobi, 5, 10, 15, 20, 25, wai digiri ne.

Ni da sifirin mota nake ƙera wuƙa, kuma da hannu nake gugata, don wutar lantarkin unguwarmu ba abin dogaro ba ce. Duk wanda ya taɓa fitar da gangaren wuƙa da magagari babu wani abin tallafi ya san wahalar. Hannu yana rawa, gaba ya ci, baya ya ci, ka ɗaga wuƙa ka ga gefenta ya yi tumbi maimakon ya miƙe. To a nan katakon nan ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Wuƙar farko da na ɗora a kai, na ja layi biyu a tsakiyar bakin, na fara karya kusurwar da hannu har kusa da layin, sannan na shafe gefen da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin tawada, na sa magagari. Gangare ya fito sumul, daga gindi har tsini, haske na kwanciya a kansa bai karye ba. Ranar har maƙwabcina na kira ya zo ya gani. Abokaina biyu ma ni na tura su suka saya, abin da ke damuna ke nan yanzu.

Saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah wani dattijo mahauci, abokin mahaifina, ya ba ni aikin wuƙa. Ya ce yana son wadda zai yi fiɗa da ita, ta kuma iya raba gaɓa, wato a bar mata nama a baya, kada ta yi sirara. Na samo sifirin, na gasa shi ya yi ja, na binne shi a toka ya kwana ya huce don ya yi laushin da magagari zai ci. Na daidaita kaurinsa a milimita 5, faɗin wuƙar kuma milimita 35.

Lissafin ba wuya. Ba a goge baki har ya yi kaifi kafin a sa wuƙa a wuta a tsoma ta a mai, don siririn baki yana lanƙwashewa ko ya tsage. Ana barin kamar milimita 1. Ke nan milimita 2 zan cire ta kowane gefe. Ina son gangaren ya hau milimita 25 ya tsaya, sauran 10 su zauna da kaurinsu. Wannan yana faɗawa wajen digiri 4 da rabi. Na saita zoben a hankali, ina goga ina duba inda makar ta goge, har gefen farko ya tsaya cif inda nake so. Na juya wuƙar ban taɓa zoben ba, domin amfanin katakon ke nan gaba ɗaya: abin da ya ba ka a dama, shi zai ba ka a hagu.

Ina ta turawa, idona na kan layin bakin, tunda shi ake tsoron ƙetarewa. Layi bai motsa ba. Da na hure garin ƙarfen na duba sama, sai gabana ya faɗi. Gangaren ya wuce inda ya kamata ya tsaya, ya haura milimita 30, yana neman taɓa bayan wuƙar. Na leƙa gindin bol ɗin, sai ga notin da ke riƙe da shi ya nutse cikin katako, ya yi wa kansa rami, gari-garin katako ya taru a gefe, bol ɗin kuma ya sunkuyo gaba. Babu washa ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Katakon da ya yi amfani da shi irin farin nan ne mara nauyi, wanda farce ke shiga, ya shafe shi da fenti baƙi ba ka ganewa.

Wani zai ce ai ɗan motsi ne. Jama'a, a wannan aiki babu ɗan motsi. Tsakanin zoben da wuƙar akwai kusan santimita 40, kuma a wannan tazarar, in zobe ya sauka da milimita 7 kawai, digiri guda ya tafi. Digiri gudan nan shi ke ɗauke gangare daga milimita 25 ya kai shi kusan 33. Ƙarfen da magagari ya ci kuwa ba ya dawowa. Ba yadda na iya, dole na hau da gefen farko ya yi daidai da na biyu, wuƙar ta tashi daga abin da aka ce in yi ta koma siririya tun daga baya har baki.

Haka na gama ta na kai wa Baba mahauci, na faɗa masa abin da ya faru. Ya juya ta, ya matsa bayanta da ɗan yatsa, ya ce, “Ɗana, aikin ya yi kyau, amma wannan ba za ta jure gaɓa ba.” Bai yi faɗa ba, bai nemi kuɗinsa ba. Da tsohuwar wuƙarsa ya yi aikin layya, sabuwar da na sake yi masa sai bayan Sallah ta isa hannunsa. Mutumin da ya san ni tun ina yawo ba wando, karo na farko da ya ba ni aiki. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na ɗauki katakon na koma wurin mai shi. Na ce, “Oga, dubi yadda notinka ya shige katako, ya ɓata mini aikin mutane.” Ya ce ni ne na danna da ƙarfi. To magagari a tura ake cinsa, in ba a danna ba me zai ci? Da na ce a wajen digiri 5 nake aiki, sai ya ce ai laifina ke nan, kowa a 20 yake sawa. Nan na gane bai taɓa fitar da wuƙa da abin da yake sayarwa ba. Digiri 15 zuwa 20 na wasa baki ne a dutse, bayan wuƙa ta sha wuta ta yi tauri, ɗan siririn layin nan na ƙarshe. In ka fitar da babban gangare a 20 a kan ƙarfe mai milimita 5, bai fi milimita 5 da rabi zai hau ba, gatari ka yi ba wuƙa ba. Sabon shiga da ya bi maganarsa zai yi ta mamakin me ya sa wuƙarsa ke fasa albasa maimakon ta yanka.

Su kansu lambobin ba gaskiya ba ne. Na ɗora waya a kan magagarin da manhajar auna kusurwa, inda ya rubuta 5 ba 5 ta nuna ba, ta haura sosai. Ba ma za su taɓa zama daidai ba, tunda kusurwar tana canzawa da kaurin ƙarfen da ka ɗora, da inda ka danne wuƙar, da yadda ka ɗaure magagari a rodi. Magagarin da ya haɗo da shi kuwa, duk da allin da nake shafa masa da buroshin waya da nake sharce shi, haƙoransa sun kwanta tun kafin in gama wuƙa ta biyu.

Yanzu na je kasuwar Katako na sayi guntun maɗaci mai nauyi, na mai da bol ɗin a kansa, na sa faffaɗan washa sama da ƙasa, na ɗaure noti biyu suna cizon juna. Na daina kallon lambobinsa, maka da ma'auni nake bi, kuma duk ɗan lokaci sai na auna tsayin zoben. Yana aiki, har na fara cewa to an wuce wurin. Amma in na lissafa, me ya rage na abin da na biya kuɗi a kai? Bol da rodi. Katako nawa, washa nawa, magagari nawa.

Wanda yake so, ya sayi bol mai zobe da rodi, ya kai wa kafinta da katako mai tauri, zai fi masa sauƙi da kwanciyar hankali. Abokaina biyun nan na kira su na ce su kwance nasu su sa washa kafin su ɗora aikin kowa. Makon jiya na bi ta layin, na ga sababbi a jere an shafa musu baƙin fentin nan, na ɗaga ɗaya na duba ƙarƙashinsa, har yanzu babu washa.