Shagon gyaran laftof a Ahmadu Bello Way: suna aunawa kafin su ce fanka ta mutu

A cikin masu gyaran kwamfuta da ke kan Ahmadu Bello Way a Kaduna, kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, akwai wani ƙaramin shago da ya cancanci a kai masa laftof mai zafi, saboda dalili guda: Injiniyan ba ya cewa "fanka ce" sai ya auna. A wurare da yawa, da ka ce kwamfuta tana ƙona cinya tana kashe kanta, an riga an yanke maka kuɗin sabuwar fanka tun ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba.

Nan da manhaja ake farawa. Suna buɗe HWMonitor ko Core Temp su duba zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Idan kwamfutar ba ta aikin komai, digiri 40 zuwa 55 ba laifi; idan tana aiki mai nauyi, 70 zuwa 85 ana jurewa. Da ta kusa 95 zuwa 100, firosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ne nauyin da mai ita yake ji, daga nan kuma sai ta mutu ba sallama. Suna kuma leƙa Task Manager, inda ake ganin manhajojin da ke aiki, domin wani lokaci wata manhaja ce ta riƙe firosesa a kashi 100, fanka ba ta da laifin komai.

Sai gwajin fankar. A Dell suna danna F12 lokacin kunnawa su shiga Diagnostics, gwajin lafiyar kwamfutar, wanda yake juya fankar da ƙarfi a ji ta. HP kan nuna saƙon 90B da kanta idan ba ta ga fanka na juyawa ba, ThinkPad kuma ta rubuta Fan error. Abin da ya burge mu shi ne ba sa ɗaukar shirun fanka a matsayin mutuwa, tunda laftof da yawa na zamani ba sa juya ta sai zafi ya kai wani mataki. Ƙara ma suna bambanta ta: gurnani ko ƙarar gogayya alamar boris, wato abin da fankar ke juyawa a kansa, ya ci ne, amma fanka mai ihu alhali iska ba ta fita ta gefe, wannan toshewa ce.

Toshewar ce ta fi yawa a Kaduna. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana taruwa tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi, ta dunƙule kamar auduga, sai zafin Maris da Afrilu ya tona asirinta. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko dardumar falo yana ƙara abin, don ramukan shan iska a ƙasa suke. Hura bulowa daga waje ba ya fitar da wannan dunƙulen, sau da yawa ma ciki yake tura shi. Su kan cire murfin ƙasa, su zare wayar batir tukuna, su ɗaga fankar, su share haƙoran da burushi, kuma suna danne fankar da yatsa idan za su hura, don kada gudun iska ya lalata boris.

Man sanyaya firosesa ma suna canzawa yadda ya kamata: a goge busasshen da sifirit mai ƙarfi, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a mayar da bututun jan ƙarfen da ke kwashe zafi daga firosesa, a ɗaure ƙusoshin bisa lambar da ke jikinsu, 1, 2, 3, 4, kaɗan-kaɗan har su zauna daidai. Ka nemi su sa maka mai kyau irin Arctic MX-4 ko da za ka ƙara kuɗi; farin man nan mai arha da ke kan teburinsu saurin bushewa yake.

Idan bayan duk wannan fankar ta ƙi motsi, sai su sa mita a soket ɗinta. Yawancin fankokin laftof wuta mai ƙarfin bolt 5 suke sha. Wuta na zuwa fanka ba ta juyawa, galibi fankar ce ta tafi. Wuta ba ta zuwa, matsalar tana kan babban bod, wato allon da duk sassan kwamfutar ke haɗe a kai, sabuwar fanka ba za ta yi maganin komai ba.

Inda suka gaza shi ne kayan canji. Mafi yawan fankokinsu daga matattun kwamfutoci aka ciro su, kuma ba sa faɗa sai ka tambaya. Garanti ma na baki ne, ba a rubuta shi a rasit. Ka ce a gwada lambar da ke bayan tsohuwar fankar da ta wadda za a sa, a duba yawan wayoyinta, uku ne ko huɗu, sannan a kunna bidiyo mai nauyi na minti 15 a gabanka kana kallon digirin kafin ka biya. Ka je da cajarka ta asali, kuma da safe ya fi, don da la'asar shagon cika yake ba wurin zama.