Hattara da mai tallar "sababbin" tayoyin gudu na tsofaffin motoci

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu riƙe da tsofaffin motocin gudu. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan, don babu daɗi mutum ya fito ya ce an yi masa wayo a kan abin da yake ganin ya sani. Amma jiya na sake cin karo da tallar nan a intanet. Hoton bai canja ba, kalaman ba su canja ba, sunan mai sayarwa kawai aka sauya. Sai na ga idan na ci gaba da yin shiru, shi nake taimako.

Motata Datsun 240Z ce, ƙirar 1972. Wanda na saye ta a hannunsa ya riga ya cire mata wilinta na asali mai inci 14, ya sa mai inci 15. Na gama da injin, na gama da birki, abin da ya rage shi ne taya mai kama kwalta sosai, wadda kuma doka ta yarda a hau titi da ita. Duk mai irin wannan mota ya san inda gizo ke saƙar. Motocin yanzu sun koma wili mai inci 17 zuwa 20, kamfanonin taya kuma can suka karkata. Taya mai laushin roba a inci 13, 14 ko 15 ba ta da yawa, in an yi ta ma kaɗan ake yi, ta ƙare ka zauna jiran wani zubin. Wannan ƙishirwar tamu ita ce jarin ɗan damfara.

Mai tallar ya ce yana da guda huɗu, daidai awon da nake nema, sababbi dal, wai ya saya ne don wata mota da ya sayar kafin ya ɗaura su. Kuɗin da ya yanka bai kai kashi biyu cikin uku na abin da dillalai ke karɓa ba. Na ce ya turo mini hoton lambar DOT, mai nuna lokacin da aka yi tayar, nan take ya turo: 1823, wato mako na 18 na shekarar 2023. Hankalina ya kwanta. Ya kuma iya zance, ya san motar, har yana ba ni shawarar yawan iskar da zan sa. Sai ya ce akwai wani da zai zo ɗauka da yamma, in ina so in tura kuɗi yanzu. Na tura, ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi.

Kaya sun iso suna ƙyalli, baƙi wuluk, an shafe su da man nan mai sa taya sheƙi. Ni da na gan su murna na yi. Mai facin da na kai wa ne ya ɓata mini ranar. Ya ɗauki ta farko ya juya, ya ajiye. Ya ɗauki ta biyu, ya danna farcensa a kan robar, ya ɗago ya ce, "Maigida, su waye suka sayar maka da waɗannan?"

Taya ɗaya ce tak mai lamba 1823, ita ce ta cikin hoton. Biyu lambarsu ta ƙare da 14, wato an yi su tun 2014. Ta huɗun kuwa an goge wurin kwanan watan da takarda mai yashi, ya yi sumul, ya bambanta da sauran jikin tayar. Kuskurena a fili yake: hoton taya ɗaya na nema, alhali huɗu nake saye.

Ga wanda bai saba karanta lambar ba, tana gefen taya, tana farawa da haruffan DOT, sannan wasu haruffa da lambobi da ke nuna masana'antar da awon tayar, sai lambobi huɗu na ƙarshe, galibi a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wannan tsari ya fara ne daga shekarar 2000. Idan ka ga lambobi uku kacal, tayar ta girmi 2000, ta ajiya ce a ɗakin nuni, ba ta hawa ba. Idan ka ga mako ya wuce 53, hannun mutum ne ya sassaƙa, kuma ko ƙirgen makonnin shekara bai iya ba. Cikakkiyar lambar sau da yawa a gefe ɗaya take, saboda haka mai cuta kan ɗauki hoton ɗaya gefen ya ce wannan ƙirar ba ta da kwanan wata. Ƙarya ne, a juya tayar.

Da muka wanke man da sabulu sai sauran asirin ya tonu. Kafaɗun tsofaffin biyun sun yi wani shuɗi-shuɗi, alamar robar ta sha zafi mai tsanani. A cikin ramukan zanen akwai ƙananan dunƙulen roba da suka manne, irin waɗanda taya mai zafi ke kwasowa a filin tsere. Ashe ba tsufa kaɗai suka yi ba, an ci moriyarsu a fili an cire, shi kuma ya tattaro ya yi musu kwalliya.

A nan ne nake so a tsaya da kyau, don a nan yawancinmu ke faɗawa. Mun saba auna lafiyar taya da zurfin zanenta. In zane na nan, taya na nan. Ga tayar yau da kullum wannan yana da ɗan gaskiya. Ga taya mai laushin roba kuwa kallon kitse ne ake yi wa rogo. Riƙon da take yi wa kwalta a cikin robar yake, ita kuma robar duk lokacin da ta yi zafi sosai ta huce, sai ta ƙara tauri kaɗan. A yi haka sau da yawa, za ta zama kamar busasshiyar fata alhali zanenta bai kai rabi ba. Shekaru ma haka suke yi mata ko da tana jingine a ɗaki, iska da zafi da rana suna cin ta a hankali. Shi ya sa masu tsere ke cire taya da sauran zane a jikinta, ba don almubazzaranci ba. A wurinsu ta mutu. Idonka ba zai gaya maka ba, sai ranar da ka shiga kwana da gudun da ka saba, bayan motar ya zame ba sallama. Tsohuwar mota kuma ba ta da kwamfutar da za ta gyara maka kuskure, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa. Tsakaninka da ramin gefen hanya sai faɗin tafin hannu huɗu na roba.

Kamfanonin mota da dama suna ba da shawarar a canja taya in ta kai shekara 6, kamfanin taya na Michelin kuma ya ce a riƙa duba ta duk shekara bayan ta cika 5, a cire ta in ta kai 10 ko da tana kama da sabuwa. Masu bin labarin motoci za su tuna hatsarin 30 ga Nuwamba 2013 a Kalifoniya, wanda jarumin fim Paul Walker da abokinsa Roger Rodas suka rasu a cikin Porsche Carrera GT. Binciken hukuma ya ɗora abin a kan gudun da ya wuce kima, amma ya kuma nuna tayoyin motar sun kai kimanin shekara 9. Motar da ba a yawan hawa ita ce ta fi zama da tsohuwar taya mai cikakken zane, kuma irin motocinmu ke nan.

Ta huɗun nan da aka goge wa kwanan wata, ita ce ta fi ba ni tsoro. Mai facin ya nuna mini cewa an ƙara mata zurfin zane da wuƙa mai zafi. A cikin ramukan kowace tayar mota akwai wasu ƙananan tudu da ke nuna iyakar sudewa, milimita 1.6, wadda ita ce iyakar doka a Turai, kuma kusan daidai da kashi 2 cikin 32 na inci da yawancin jihohin Amurka ke bi. A wannan tayar babu tudun ko ɗaya, wuƙa ta share su, ƙasan ramin kuma duk sawun yanka ne. Tayar manyan motoci da aka rubuta wa REGROOVABLE ita ce aka yi da ƙarin roba don a sake yanka ta. Tayar ƙaramar mota ba ta da wannan rarar, abin da ke ƙarƙashin zanen ɗan siriri ne kafin a tarar da wayar ƙarfe. Tayoyi masu laushin roba kuma tun suna sababbi zanensu bai cika wuce milimita 5 ba, inda na yau da kullum ke kai wa wajen 8, saboda haka mai cuta yana da amsa a baki: "Ai haka ake yin su."

Bayan na fara ba da labari a cikin abokai, sai na ji wasu salon. Akwai wanda aka sayar wa tayar tsere zalla, an kankare rubutun NOT FOR HIGHWAY USE, wato ba ta hawa titi ba ce, daga gefenta. Irin wannan ba ta kama ƙasa sai ta yi zafi, zafin da tuƙin gari ba zai ba ta ba, in kuwa ruwan sama ya sauka sai ta hau kan ruwa ta yi iyo. Shaidar taya ta titi ita ce DOT, ko harafin E a cikin da'ira da lambar ƙasar da ta tantance ta, E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E11 Birtaniya. Ko DOT ɗin ma kada ta ruɗe ka, akwai tayoyin gasa masu ɗauke da ita don cika sharaɗin gasar kawai, kamfanin da ya yi su da kansa yana cewa kada a hau babban titi da su. Akwai kuma wanda ko tsohuwar taya bai samu ba, hotunan wani aka sato, ya tura kafin alƙalami, layi ya mutu. Wannan yana da magani mai sauƙi: ka ce ya rubuta wata kalma da ka zaɓa a takarda, ya ɗora kan tayoyin ya ɗauka, kowace da lambarta a fili. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Kalmar kwantai ma ana wasa da ita. Za a ce maka sabuwa ce, ba ta taɓa taka ƙasa ba, ajiya kawai ta sha. Yana iya zama gaskiya, amma kwantan fitila ko madubi daban, kwantan roba daban.

Mutumin nawa ya cika tallarsa da TREADWEAR 200, TRACTION AA, kamar su ne hujja. Waɗannan alamu na tsarin gwamnatin Amurka ne. Lambar farko kwatance ce ta saurin sudewa, kamfanin da kansa yake sa ta, kuma 200 ta wani kamfani ba lallai ta zo ɗaya da 200 ta wani ba. AA kuwa sakamakon gwajin taka birki ne a miƙe kan jiƙaƙƙen titi, bai ce komai ba game da kwana. Dukansu bayanin tayar ne ranar da ta fito daga masana'anta. Abin da ya fi su amfani shi ne lamba da harafin da ke bin awon tayar, kamar 91V: 91 na nufin tana ɗaukar kilo 615, V kuma gudun kilomita 240 a awa. H 210 ne, W 270, T 190. Motata tana iya kusantar 200, saboda haka T ba ta ishe ta ba, ko da wane suna aka buga a jikinta.

Wani abu da na gane daga baya, kuma ya fi asarar kuɗin ciwo, shi ne tun farko ba lallai irin wannan tayar nake bukata ba. Bakaniken da ke kula da motar ya taɓa faɗa mini, ban saurara ba. An ƙera waɗannan motoci ne a kan siririyar taya mai zagayayyar kafaɗa. Ka sa mata faffaɗa mai manne wa kwalta, sitiyari zai yi nauyi, motar ta riƙa bin kowane tsagi na titi, nauyin kwana kuma ya koma kan ƙarafan ƙafa da suka haura shekara 50. A doguwar kwana mai ƙarfi man injin ma yakan taru gefe ɗaya, famfon ya zuƙi iska. Manyan kamfanoni har yanzu suna yin tsofaffin ƙira da robar zamani: Michelin tana yin XWX, Pirelli tana yin Cinturato CN36 da P7, kuma ana samunsu da sabon kwanan wata ta hannun dillalan da aka sani. Masu Ferrari ko BMW na farkon shekarun 1980 da suka zo da Michelin TRX su ƙara kula, don wilinsu da milimita ake auna shi, kamar 390, tayar inci ba ta zama a kansa daidai. Duk wanda ya ce maka tasa "za ta shiga" yana wasa da ranka ne. Wanda kuma da gaske yake zuwa filin tsere, akwai su Toyo R888R da Yokohama A052, ya nemi dillali mai adireshi da rasit, ya tambayi kwanan watan kafin ya biya, ya biya ta hanyar da za a iya ƙalubalanta.

Na koma wa mutumin da hotuna. Da farko ya ce mai facin ne ya musanya mini, sannan ya ce zai dawo da rabi, sannan ya toshe ni. Na kai ƙara ga masu dandalin da ya yi tallar, suka sauke ta, bayan mako uku ta dawo da wani suna. Yadda za ku gane ta: tayoyi huɗu a jere jikin farin bango, ta gaba ce kaɗai ake ganin gefenta, sauran an jingina su ta yadda rubutunsu ya ɓuya, kuma kullum akwai wani da zai zo ɗauka da yamma.

Guda ukun na sa mai facin ya huda gefensu da wuƙa a gabana, don kada su sake komawa kasuwa ta hannun wani. Mai lamba 1823 tana nan a gareji ita kaɗai, motar kuma tana kan jak tana jiran waɗanda na yi oda daga dillali.