Farantin sola mai naɗuwa ko na silikon: wanne zai jure ranar Gadarif?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 wutar gwamnati ta zama sai an gani, mutanenmu daga Mai Wurno har Gadarif suka koma ga sola. Kwanan baya ƙanena ya turo mini hoton wani faranti siriri mai naɗuwa kamar tabarma, ya ce, "Yaya, wannan zan saya wa injin ban ruwa?" Irin da ake kira oganik ke nan, wanda aka yi da sinadaran kabon maimakon silikon.

Ƙarfinsa ya dogara ne da yadda aka jera cikinsa. Sinadari biyu ne, ɗaya ya saki lantarki, ɗaya ya karɓa. Wanda Ching Tang ya haɗa a kamfanin Kodak a 1986 shimfiɗa biyu ce, wata bisa wata, kuma kusan kashi 1 cikin 100 na hasken rana kawai yake mayarwa wuta. Dalili kuwa, ƙarfin da haske ya tayar ba ya wuce tafiyar nanomita 10 zuwa 20 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya). In bai tarar da mahaɗar sinadaran ba, ya tafi a banza. A 1995 aka cakuɗa su kamar shinkafa da wake, ko'ina ta zama mahaɗa. Yau a ɗakin gwaji an kai wajen kashi 20, amma na kasuwa yawanci bai kai kashi 10 ba.

Duk mai son sayensa ya tambaya ko juyayyen jeri ne, wato wanda aka sa azurfa a sama maimakon alminiyam da iska ke saurin lalatawa. Ya duba rufin robarsa ma, domin iska da danshi su ne ajalinsa.

Na silikon kuwa yana ba da kashi 20 zuwa 23, da garantin shekara 25. Zafi ne ke rage masa ƙarfi: a digiri 25 ake auna shi, alhali kan kwano da azahar yakan kai 65. Nan nau'in farantin silikon da ake kira PERC zai zubar da kusan kashi 14 na ƙarfinsa, nau'in TOPCon kusan 12. Gilashinsa kuma in habub, wato guguwar ƙura, ya wuce, tsumma da ɗan ruwa sun isa.

Na ce wa ƙanena ya sayi TOPCon don famfo. Mai naɗuwar ya bar shi sai rumfar zana da ba za ta ɗauki nauyin gilashi ba, inda cajin waya da ƙwan fitila biyu ne bukatar.