Hattara da masu tallan "kayan ɗakin Tailan" a Instagram da WhatsApp

'Yan uwa, musamman masu shirin jeren amarya, ku yi hattara. Akwai wasu shafuka da ke ɗora hotunan falo irin na gargajiyar ƙasar Tailan: gajeren tebur mai sassaƙa, matasan jingina masu kusurwa uku, labulen siliki, da tangaran mai zanen zinari da ake kira Benjarong. Suna cewa kai tsaye daga Chiang Mai, wani birni a arewacin Tailan, suke kawowa, a ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, kaya su iso cikin wata guda.

Wata maƙwabciyata ta tura kuɗin jeren 'yarta. Wata ya cika, aka ce kaya suna tashar jirgin ruwa, a ƙaro na kwastan. Ta ƙara. Sai aka ce katako ne, dole a yi masa feshin ƙwari, shi ma da kuɗinsa. Da ta nemi takardar shaidar ɗora kaya, suka toshe lambarta. Biki saura mako biyu, baiwar Allah tana kuka tana neman rance. Abin ya tsaya mini a rai.

Babbar ƙaryarsu a katako take. Cewa suke tik ne (teak, wani icen katako mai ƙwari) na dajin Tailan, sabon yanka, shi ya sa yake da araha. To Tailan ta haramta sare itatuwa a dazuzzukanta tun 1989, bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a kudancin ƙasar a 1988. Tik ɗin da masassaƙa ke aiki da shi yanzu na gonakin shuka ne, ko wanda aka ciro daga tsofaffin gidaje, ko na shigowa, kuma duka da tsada. Na gaskiya yana da nauyi, yana da maiƙo in kin shafa inda ba a yi fenti ba. Waɗanda aka taɓa kawo wa kaya ma, abin da suka samu matsattsen garin katako ne da aka shafa wa launi, ruwa na taɓa shi yake kumbura.

Matashin kuwa, na asali da audugar rimi ake cusa shi, irin rimin da muka sani, layi-layi, tam, ba ya lotsawa. An san lardin Yasothon da wannan sana'a. Nasu soso ne da tsummoki. Silikin ma gwajinsa ba wuya: ki zare zare ɗaya ki ƙona. Na gaskiya warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule.

In kuma suka ce kayan tarihi ne na da can, ki sani ba a fitar da irin waɗannan daga Tailan sai da izinin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar. Su nuna takardar.

Kafin ki tura ko sisi, ki nemi kiran bidiyo a nuna miki kayan, a juya teburin ki ga ƙasansa. Ki duba ko sunan asusun ya dace da na shagon. Wanda ya riga ya tura, kada ya biya kuɗi na biyu ko da me suka kira shi. Ya adana rasit da duk saƙonnin, ya kai ƙorafi bankinsa a ranar, sannan ya sanar da 'yan sanda.