Ƙanzon tukunyar Iron & Wine

A kowane gida akwai wanda malmalar tuwo ba ta dame shi ba, shi dai a kankaro masa ƙanzo. A gidanmu ni ne. Wataƙila shi ya sa kundin waƙoƙin Around the Well ya zauna min, don kuwa ƙanzo ne zalla: waƙoƙi 23 da Sam Beam, Ba'amurken da ke waƙa da sunan Iron & Wine, bai saka a manyan kundinsa ba. Wasu an yi su ne don fina-finai, wasu na mutane ne ya sake rerawa, wasu kuwa ajiye suke kawai. Kamfanin Sub Pop ya tattara su a faifai biyu a 2009. Sati uku ke nan ina jin sa, galibi bayan isha'i.

Faifan farko shi ne abin. Mutumin yana koyar da harkar fim a Miami lokacin da ya fara naɗar waƙoƙinsa a gida da ƙaramar na'ura, kuma haka kundinsa na farko ya fito a 2002. Waƙoƙin nan 11 daga irin wannan ɗakin suka fito. Jita ce, wani lokaci banjo, sai murya ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada ya tashi yaro daga barci. Har shuuu ɗin nan na naɗin gida kana ji a bayan sautin. Wanda ya taso da tsofaffin kaset ɗin Ɗan Maraya Jos, shi da kuntiginsa ba kowa, ya san daɗin da nake nufi: babu inda mawaƙi zai ɓuya, in waƙa ba ta da ƙashi nan take za a gane.

A nan ne ya ɗauki Such Great Heights ta ƙungiyar mawaƙan The Postal Service, waƙar da asalinta kiɗan kwamfuta ne mai gudu, ya sassauta mata tafiya har ta koma kamar ta lallashi. Na san ta asalin, amma sai da na kai tsakiya kafin na gane ita ce.

Sai dai fa gaskiya ɗaya ce. Waƙoƙin faifan farkon sun yi kama da juna ƙwarai. Daren farko ban iya bambance ta huɗu da ta bakwai ba, barci ma ya ɗauke ni kafin ya ƙare. Kuma ba abin saurare ba ne a mota ko inda janareta ke ruri. Na gwada a cikin adaidaita sahu, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Yana son abin sa wa a kunne da shiru.

Faifai na biyu na situdiyo ne, da makaɗa da ganguna, sautin tas. Belated Promise Ring tana da armashi, Love Vigilantes ta ƙungiyar New Order ma ya yi mata adalci. Amma akwai biyu ko uku daga zamanin kundinsa The Shepherd's Dog na 2007 da ina ji na ce ai ba a zalunce su ba da aka bar su a baya. Tsallake su nake yi.

Ta ƙarshe, The Trapeze Swinger, ita ta biya kuɗin sauran. An yi ta ne don fim ɗin In Good Company na 2004, ta haura minti tara, ba ta da amshi, karin bai canzawa, baiti bayan baiti yana roƙon a tuna da shi. Daga cikin baitocinta ma aka ciro sunan kundin. Na zaci za ta gundure ni. Ranar da na ji ta da kyau, wuta ta dawo tun tana minti na uku, fanka ta tashi, yara suka yi ihu a layi, ni kuwa ban ko miƙa hannu na sa waya a caji ba sai da ta ƙare.

Wanda bai taɓa jin mutumin ba, ya fara da kundinsa Our Endless Numbered Days na 2004 tukuna, sannan ya zo nan.